Darasi na 14: Mai Tsere da Ya Ji Rauni

Karatu: Farawa 32:22-32, Ibraniyawa 12:1-13.

Manzanni sun sha kwatanta zaman mai bi da tseren gudu mai nisa. Amma akwai wani sashi na tseren da ba a cika maganarsa ba, wato kwanakin da mai gudu ya ke kwance da ƙafa a ɗaure, abokansa kuwa suna wucewa ta ƙofar gidansa da asuba. A kan waɗannan kwanaki darasinmu ya ke.

Ku dubi Abebe Bikila, sojan ƙasar Habasha. A wasannin Olamfik na 1960, a birnin Roma, ya ci tseren maraton, mai nisan kilomita 42 da mita 195, ba takalmi a ƙafarsa. A 1964 aka yi masa fiɗa a ciki, bai kuwa cika mako shida ba ya sāke cin tseren a Tokyo. A 1968, a birnin Meziko, ya shiga da ciwo a ƙafa, tilas ya fita tun bai kai rabin hanya ba, ɗan ƙasarsu Mamo Wolde ya ci. A 1969 ya yi haɗarin mota, ƙafafunsa suka shanye. Aka kai shi asibitin Stoke Mandeville a Ingila, ya yi watanni yana jiyya, bai ƙara tafiya da ƙafarsa ba har ya rasu a 1973. Duk da haka a 1970 an gan shi bisa keken guragu, da baka a hannu, yana gasar harbin kibiya.

Me za mu koya, mu da ciwo ya kwantar?

Na ɗaya, kada ku ɓoye baƙin cikinku ga Allah. Ƙarfin zuciya ba murmushin dole ba ne. Mai Zabura ta 42 ya tuna da kwanakin da ya ke tafiya a gaban taro zuwa ɗakin Allah, ya yi kuka, kana ya tsauta wa ransa ya ce ya sa bege ga Allah. Ku bi wannan tsari: ku kawo kukan tukuna, sa'an nan ku yi wa ranku wa'azi.

Na biyu, haƙuri aiki ne. Ƙashin da ya tsage ya kan ɗauki mako shida ko takwas, wani lokaci ma fiye, kafin ya haɗe. Mutum ba ya ganin aikin, amma dare da rana jiki yana ɗinke kansa bisa ga hikimar Mahalicci. Wanda ya kwance ɗori ya koma gudu tun ƙashi yana ɗanye, ya mai da jiyyar wata biyu ta zama ta shekara. Marubucin Ibraniyawa ya san wannan, gama a sura ɗin nan da ya yi zancen tsere, a nan kuma ya gargaɗe mu mu gyara wa ƙafa hanya, domin gaɓar da ta yi rauni ta warke maimakon ta goce. Saboda haka ku ji maganar likita, ku yi ɗan motsin da ya yardar muku, ku gode wa Allah ranar da kuka ajiye sanda. Sannu ba ta hana zuwa.

Na uku, begenmu ba a ƙafa ya ke ba. Yakubu ya yi shekara ashirin da gudu daga gaban wansa Isuwa. A bakin rafin Yabbok aka taɓa kwatangwalonsa, ya goce. Daga nan ba sauran gudu, sai riƙo. Ya riƙe har aka sa masa albarka, aka ba shi sabon suna. Rana ta fito masa yana ɗingishi, da ɗingishin nan kuwa ya je ya sadu da wansa, suka rungumi juna.

Ƙaunatattu, ba zan yi muku alkawarin da Littafi bai yi ba. Waɗansunku za su koma fagen gudu, waɗansu ba za su koma ba. Amma tseren da aka sa a gabanmu na jimrewa ne, mai kwance kuwa yana cikinsa muddin idonsa yana kan Yesu.

Tambayoyi

1. Me ya bambanta haƙuri da fid da zuciya?
2. Don me Yakubu ya sami albarka bayan rauni?
3. Wane majiyyaci za ka gaishe cikin makon nan?

Addu'a: Ya Ubangiji, ka warkar da gaɓoɓinmu, ka kuma tsare zukatanmu daga gaggawa da gunaguni, domin sunan Yesu. Amin.