Shin Mai Gona na da Ikon Ɗaure Hannun Jikokinsa?

Duk wanda ya haye gadar Golden Gate daga birnin San Francisco ya nufi arewa maso yamma, kafin ya yi tafiyar awa guda zai tsinci kansa cikin tuddai masu ciyawa, shanun madara suna ta kiwo, ba bene ba kanti. Gundumar Marin ke nan a jihar Kalifoniya. Fili a gefen birni irin wannan kuɗi ne tsababa, kuma dillalan gidaje sun daɗe suna zawarcinsa. Abin da ya tsare shi takarda ce. A 1980 wasu mata biyu, Ellen Straus, wadda gidansu ke kiwon shanun madara, da Phyllis Faber, masaniyar tsirrai, suka haɗa makiyaya da masu kare muhalli suka kafa Marin Agricultural Land Trust, ƙungiya ta farko a Amurka da aka kafa musamman don riƙon amanar gonaki. Zuwa yau ta ɗaure sama da eka 50,000.

Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Masu ƙiyasi kan yi wa gona kuɗi sau biyu: nawa za ta yi idan an yarda a yanka ta fuloti-fuloti, nawa kuma idan noma da kiwo kaɗai za a yi a cikinta. Ƙungiya ta biya mai gona ratar da ke tsakani, ko shi ya yafe a matsayin kyauta gwamnati ta rage masa haraji. Gona tana nan a hannunsa. Zai noma, zai sayar, 'ya'yansa za su gada. Iko ɗaya ne ya fita daga hannunsa da na duk wanda zai mallake ta bayansa, wato ikon mai da ita unguwa. Lokaci-lokaci ma'aikatan ƙungiyar kan zo su zagaya su tabbatar ba a karya alkawari ba. Kuma dokar harajin Amurka ta 1980 ta gindaya sharaɗi mai nauyi: ba rangwame sai ɗaurin ya kasance na har abada.

Al'adar ta girmi matan Marin. Charles Eliot, wani matashi mai zayyana lambuna, ya kafa The Trustees of Reservations a Massachusetts tun 1891. Ƙidayar da haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu riƙon amanar filaye a Amurka, Land Trust Alliance, ta yi a 2020 ta nuna ƙungiyoyin nan sun tsare eka miliyan 61, wanda ya ɗara kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin Najeriya.

To, a nan tambaya take. Ɗan Adam da ba shi da tabbacin ganin gobe, da wane hurumi zai sa hannu kan abin da zai ɗaure mutanen da ba a haifa ba? A 1789 ɗan siyasar Amurka Thomas Jefferson ya rubuta wa takwaransa James Madison wasiƙa daga Faransa, inda ya kafe kan cewa amfanin ƙasa na masu rai ne, matattu ba su da iko ko haƙƙi a kanta. Wata malamar shari'a a Jami'ar Virginia, Julia Mahoney, ta farfaɗo da hujjar a 2002. Ta ce masu ɗaure filaye suna ɗauka sun san abin da mutanen gaba za su buƙata, alhali ilimi na sauyawa, yanayi na sauyawa, gonar da ake taƙama da ita yau tana iya zama ba ta da amfani gobe. Hujja ce mai ƙarfi, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba.

Malaman Musulunci sun sha wannan muhawara fiye da shekara dubu kafin Jefferson. Lokacin da Sayyidina Umar ya samu fili a Khaibar, dukiyar da ya ce bai taɓa samun wadda ta fi ta daraja ba, ya nemi shawarar Manzon Allah (SAW). Aka nuna masa ya riƙe asalin filin ya yi sadaka da amfaninsa. Umar ya yi haka, bisa sharaɗin ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado. Tushen waƙafi ke nan. Duk da haka ba kowa ya karɓa hannu bibbiyu ba. Alƙali Shuraihu na Kufa ya ƙi yarda a tsare dukiya daga rabon gadon da Allah ya yanka. Imam Abu Hanifa ya ga cewa mai waƙafi na iya janyewa, sai fa idan alƙali ya zartar ko an yi shi ta hanyar wasiyya. Almajirinsa Abu Yusuf ya bar wannan ra'ayi, kamar yadda aka ruwaito, bayan hadisin Umar ya iso gare shi. Malikawa kuwa, waɗanda ƙasar Hausa ke bi, sun buɗe wata ƙofa: mutum na iya yin waƙafi na wani wa'adi, idan ya cika dukiya ta koma ga mai ita ko magadansa.

Tsoron Shuraihu ba na banza ba ne. An samu masu mai da dukiyarsu waƙafin iyali don su kewaye wasu magada, musamman mata, kuma gurɓacewar tsarin na cikin abin da ya sa Siriya ta soke waƙafin iyali a 1949, Masar ta bi sahu a 1952. Amurka ma ba ta tsira ba. Wasu 'yan kasuwa sun riƙa sayen fili da arha, su sa a zuzuta darajarsa a takarda, su ɗaure shi, sannan su raba wa masu zuba jari rangwamen haraji da ya ninka kuɗinsu sau da yawa, har sai da majalisar dokoki ta taka musu burki a 2022.

Amma akwai abin da hujjar Jefferson ta tsallake. Wanda ya yanka gonarsa ya zuba siminti shi ma ya yanke wa jikoki hukunci, kuma nasa ya fi wuyar warwarewa. Takardar ɗauri alƙali na iya kwance ta idan manufarta ta gagara cika. Dokar Amurka ta tanadi haka, malaman Hanafiyya da Hambaliyya ma sun yarda a musanya waƙafin da ya daina amfani da wani wanda zai yi. Gonar da ta zama unguwa kuwa, da wuya a sake ganin gero a cikinta. Saboda haka kowane zaɓi ɗauri ne, kuma wanda ya bar fili a buɗe shi ya bar wa na baya damar su yi nasu tunanin. A nan matan Marin sun fi Jefferson gaskiya. Tsarinsu ma ya kauce wa babban ƙorafin Shuraihu, tunda magada suna cin gadonsu, ko da darajar gonar ta ragu a kasuwa.

Sauran magana ita ce: wa ke amfana? Umar ɗin dai ya bar ma'auni. Da ya keɓe makiyaya a Rabaza don dabbobin baitulmali, ya umarci mai gadinta, Hunayyu, ya bar masu 'yan raƙuma da 'yan tumaki su shiga, ya kuma hana garken attajirai irin su Ibn Auf da Ibn Affan shiga. Dalilinsa shi ne attajiran nan, idan dabbobinsu suka halaka, suna da gonaki da dabino da za su koma wa, talaka kuwa zai zo ne da 'ya'yansa yana kuka a ƙofar halifa. Da wannan ma'auni ya kamata a auna kowace ƙungiyar filaye. Ɗaurin da ya bar ƙaramin manomi a gonarsa, ya tsare mashayar ruwan gari, ya bar yara su samu wurin wasa, ya ci sunan sadaka mai gudana. Wanda aka yi don attajiri ya hana talaka gina gida kusa da katangarsa, kuma a rage masa haraji a kan haka, son kai ne aka sa wa rigar alheri. A yankin San Francisco, inda kuɗin haya ya kori ma'aikata da yawa zuwa nesa, wannan zargi ne da dole ƙungiyoyin su riƙa amsawa.

Mai karatu a Kano ko Sakkwato ba baƙon matsalar ba ne. Ya ga gonakin bayan gari sun koma fuloti, ya ga an cike kududdufi an yi gini sannan ruwan damina ya rasa hanya ya shiga gidaje, ya ga burtali ya tsuke duk da dokar makiyaya ta 1965. Kano na da hukumar zakka da hubusi, Sakkwato da Zamfara na da na zakka da waƙafi, kuma fiƙihun da ake buƙata yana cikin littattafan da ake karantawa a zaure. Masu hali da suka saba gina masallaci da haƙa rijiya, ya kamata su fara tunanin yin waƙafin gona, kurmi ko kududdufi, hukumomin kuma su tanadi ma'aikatan da za su riƙa zagayawa suna duba iyaka.