Bargon Yaya: Ko Mai Rai Yana da Ikon Gyara Aikin Mamaci?

Bayan sadakar arba'in ɗin yayata, Allah Ya jiƙanta, da aka zo rabon kayan ɗakinta sai aka tarar da wani ƙunshi a ƙasan akwati. Saƙar kwarashi ce, ƙananan falle-falle masu kusurwa huɗu, kowanne kamar faɗin tafin hannu, guda 63. Bargo ta yi niyyar haɗawa don jikan da take jira daga 'yarta ta fari. Tamanin ta ƙudurta, jere goma na takwas-takwas, ajali ya tsayar da ita. Aka miƙa wa maiɗakina ƙunshin, da yake ita ce ta iya saƙa.

Da ta baje su a tabarma sai matsala ta bayyana. Kimanin hamsin sun fito daidai wa daida. Sauran kuwa, waɗanda Yaya ta saƙa tana jinya, sun tsuke, wasu sun karkace, a wani ma ta tsallake ido biyu. Duk wanda ya san wannan sana'a ya san ba a haɗa falle babba da ƙarami, domin ido da ido ake bi a gefe, in lissafi ya saɓa sai bargon ya tattare. Maiɗakina ta dube ni ta ce, "Malam, in warware su in sake, ko yaya?"

Na yi zaton tambaya ce ta minti ɗaya. Sai da ta cinye mana mako biyu.

Hujjar warwarewa tana da ƙarfi, kada mai karatu ya raina ta. Yaya mace ce mai tsantseni a aiki. Na sha ganin ta warware saƙar yini guda saboda kuskuren da ita kaɗai ta gani. Da tana raye da lafiyarta, da kanta za ta warware waɗannan. Ashe ke nan wanda ya bar su yadda suke ya tona abin da mai shi za ta so a rufe, alhali an hore mu da suturta mamaci. Ban da haka, bargo ta nufa, abin da zai tare wa jariri hunturun Bauchi. Niyyarta ita ce amanar da ta bari.

To, amma zare in an warware shi ya koma zare. Abin da za a sake saƙawa aikin maiɗakina ne, ko da da ulun Yaya aka yi shi. Sa'an nan a miƙa wa yarinya a ce ga saƙar mahaifiyarki? Wannan ƙarya ce, komai kyawun nufinta. Kuma waɗannan karkatattun su ne aikin ƙarshe da hannunta ya yi a duniya, ta yi su yatsunta suna rawa. Ni dai a wurina sun fi lafiyayyun nauyi.

A nan ne aikina na koyar da adabi ya shigo mini, ba tare da na gayyace shi ba. Littattafan gasar 1933, ciki har da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, wanda kabarinsa ke cikin garin nan, sai da suka bi ta hannun Rupert East kafin a buga su. Ya yi musu kwaskwarima, sun kuma yi kyau. Sai dai ɗalibin da ya buɗe bugun da ke hannunmu ba ya iya nuna inda alƙalamin marubuci ya tsaya na mai gyara ya ɗauka. East ma da rayayyu ya yi aiki, masu bakin da za su ce a'a. Yaya ba ta da wannan bakin.

Magabatanmu suna da wata hanyar, wato tahamisi. Malami zai ɗauki waƙar wanda ya riga shi mai ɗango biyu-biyu, ya ɗora ɗango uku nasa a kan kowane baiti su zama biyar, ba tare da ya taɓa harafi ɗaya na asali ba. Haka aka yi da Tabban Haƙiƙa: Shehu Usmanu ya tsara ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Hannu uku a waƙa ɗaya, kuma masu ilmi sun san rabon kowa. Mai tahamisi yana ƙari, amma ya haramta wa kansa ragi. A ganina akwai ladabi a cikin wannan wanda masu gyaran rubutu na zamaninmu, har da ni, muka yi sakaci da shi.

Da na kawo wa maiɗakina wannan bayani sai ta yi dariya, ta ce ai masu saƙa sun daɗe da sanin haka: falle in ya tsuke, zagaye ɗaya ko biyu ake ƙara masa a gefe har ya kai 'yan'uwansa. Digirina bai gaya mata sabon abu ba.

Saura launi. Ta zaga kasuwar Wunti da ta Muda Lawal ba ta sami irin shuɗin Yaya ba, sai wani mai kama da shi ƙwarai. Ta so ta saye shi don kada a gane ƙarin. A nan muka saɓa. Na ce a sa fari, kowa ya ga inda hannun Yaya ya tsaya. Ta ce farin zai zama kamar yatsa mai nuna kowane wurin da marigayiya ta gaza, ina suturar da nake faɗa? Ban sami amsar da ta gamsar da ni kaina ba, balle ita.

Mai bargon muka kira. Ta daɗe tana juya fallen nan mai tsallaken ido a hannunta, sa'an nan ta ce, "Kawu, a sa farin, amma a zagaye dukkansu da shi, masu kyan da marasa kyan. Wannan kuma a sa mini shi a tsakiya."

Haka aka yi. Falle 17 da suka rage maiɗakina ta saƙa su da sabon shuɗin, ta jera su a gefe. An gama haɗin saura kwana tara a yi suna.