Zayyana Kafin Sauka

Wata rana da damina na kai ziyara wata makarantar firamare, a wani gari da ba zan ambaci sunansa ba, domin malaman da suka karɓe ni mutanen kirki ne, kuma abin da na gani ba laifinsu ba ne. Bayan mun gaisa, hedimasta ya zaro mabuɗi daga aljihun rigarsa, ya kai ni wani ɗaki da ya fi kowane ɗaki a makarantar kyau, mai ƙofar ƙarfe da tagogin gilashi da sabon fenti, ya buɗe, sai ga kwamfutoci a jere kan tebura, kowace an lulluɓe ta da ƙyalle, sai ka ce amare masu jiran buɗar kai. Na tambaye shi yaushe rabon da a kunna su. Ya yi murmushi, ya ce, "Malam, ai tun ranar da manya suka zo suka buɗe ɗakin, da suka tashi tafiya aka ɗora janareto a mota aka bi su da shi." Muka fito, muka shiga ajin da ke maƙwabtaka da wannan ɗaki, na tarar da yara zaune a ƙasa sun takure gefe guda saboda yoyon rufi, allon bango kuwa ya koɗe har alli ba ya kama shi.

Tun daga ranar nan tambaya ɗaya take yi mini yawo a zuci, watau shin kuɗin da aka kashe a wancan ɗaki sadaka ce mai gudana, kamar yadda aka faɗa ranar biki, ko kuwa almubazzaranci ne da aka yi wa rawani? Kada mai karatu ya zaci ina cikin masu ƙin na'ura don baƙuwa ce. Malamanmu na da, waɗanda muke tinƙaho da littattafansu, da yawa daga cikin abin da suka bari a kan takardar da aka yi a ƙasar Italiya suka rubuta shi, wadda fatake ke ɗaukowa daga Tarabulus su ƙetaro Sahara da ita a bayan raƙuma, kuma ba mu taɓa jin wani daga cikinsu ya ce ilmi ya gurɓace don an zuba shi a takardar Nasara ba. Saboda haka ba asalin kayan aiki muke tuhuma ba. Abin da muke so mu auna shi ne lokacin sayensa, da abin da aka bari domin a saye shi.

Alƙur'ani mai girma ya hana ɓarnar dukiya da kalmomi biyu, israfi da tabziri, kuma malamai sun bambance tsakaninsu da cewa israfi shi ne wuce gona da iri a wurin da ya kamata a kashe, tabziri kuwa shi ne kashewa a wurin da bai kamata ba. Mai gidan da ya dafa wa baƙi biyar abincin mutum hamsin ya yi israfi. Wanda ya sayi sirdi mai azurfa alhali ba shi da doki, iyalinsa kuma suna kwana da yunwa, wannan ya yi tabziri, kuma shi ne Suratul Isra'i ta danganta da 'yan'uwantakar shaiɗanu. In haka hukuncin yake ga wanda ya ɓarnatar da abin da ya yi gumi ya samu, to ina ga wanda aka damƙa wa dukiyar baitulmali, wadda marayu da matalauta da jariran da ba a haifa ba tukuna duk suna da haƙƙi a cikinta? Masana fiƙihu suna da ƙa'ida sananniya, cewa duk abin da shugaba zai yi da al'amarin talakawansa a ɗaure yake da maslaharsu, har ma suna kamanta shi da waliyyin maraya, wanda bai halatta ya taɓa dukiyar marayan ba sai ta hanyar da ta fi kyau. Ba ya isa a ce abin da aka saya mai kyau ne, sai an nuna cewa a cikin abubuwan da kuɗin nan za su iya saye, shi ne ya fi.

To da wane ma'auni za a san wanda ya fi? A nan ne nake ganin Imamu Shaɗibi, Bamalike mutumin Garnaɗa ta Andalus, wanda ya rasu a shekarar 790 ta Hijira, watau 1388, ya bar mana sikelin da ya fi na masu lissafin kasafin kuɗi daidai. A cikin littafinsa Muwafaƙat, bisa tafarkin da Imamu Gazali ya share tun kafinsa, ya kasa maslahohin bayi mataki uku. Na farko laruriyyat, abubuwan da in babu su rayuwa ba ta tsayawa, su ne kiyaye addini da rai da hankali da zuriya da dukiya. Na biyu hajiyyat, waɗanda in babu su ana rayuwa amma cikin ƙunci da wahala. Na uku tahsiniyyat, abubuwan ƙawa da kyautatawa. Sannan ya ƙara wani sharaɗi wanda shi ne zuciyar maganarmu, cewa duk abin da aka kawo domin ya cika wani abu, in ya zama kawo shi zai rushe asalin abin da ya zo cikawa, to ba a kula shi. Ilmin yaro yana ƙarƙashin kiyaye hankali, kuma larurarsa a bayyane take ga duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji: malami wanda ya san abin da yake koyarwa, ana biyansa a kan kari, ciki wanda ba ya kukan yunwa, rufi da wurin zama, ruwan sha da makewayi, wanda rashinsa kan sa 'yan mata da suka fara girma su daina zuwa, da littafi wanda yaro zai riƙe da hannunsa. In an ɗebi kuɗin waɗannan aka sayi abin da ba ya aiki sai da su, an gina soro ne a kan ɗakin da ba shi da tushe.

Wannan ba zato ba ne, domin duniya ta gwada, ta kuma biya kuɗin gwajin da tsada. A shekarar 2005 wani malamin jami'a a Amurka, Nicholas Negroponte, ya fito da shirin ba kowane yaro a ƙasashe matalauta kwamfutar hannu mai arha, wadda aka ce ba za ta wuce dala 100 ba, kuma ɗaya daga cikin wuraren da aka fara gwada ta a 2007 ita ce firamare ta Galadima da ke gefen Abuja. Ƙasar Peru ta rungumi shirin da hannu biyu, ta sayi fiye da 800,000, amma da masu bincike na Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka suka auna makarantu 319 suka fitar da sakamako a 2012, sai suka tarar yaran sun iya sarrafa na'urar, har an ga ɗan ci gaba a kaifin tunaninsu, amma a lissafi da karatun harshe ba su fi takwarorinsu da ba a ba su ba. Kada kuma a ce wannan ciwon talaka ne kawai. Hukumar ilmin birnin Los Anjeles ta tsara kashe dala biliyan 1.3 a 2013 domin ba kowane ɗalibi iPad, cikin 'yan kwanaki da fara rabawa wasu ɗalibai suka kwance ƙullin tsaron da aka sa wa na'urorin suka shiga harkokinsu, kafin ƙarshen 2014 an dakatar da cinikin, shugaban hukumar ilmin birnin kuma ya ajiye aiki. A 2015 ƙungiyar OECD, wadda yawancin mambobinta ƙasashe masu arziki ne, ta bayyana cewa ƙasashen da suka zuba dukiya mai yawa a na'urorin makaranta ba a ga wani ci gaba na a zo a gani a karatu da lissafi da kimiyyar ɗalibansu ba. A Kenya kuwa, a yankin Busiya, Michael Kremer da Edward Miguel sun nuna cewa ƙwayar maganin tsutsar ciki, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba, ta rage fashin makaranta da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu.

In hujja ta kai haka fitowa fili, me ya sa har yanzu ake yi? Ni dai a ganina amsar tana cikin littattafan tasawwufi fiye da na tattalin arziki, a babin riya. Kwamfuta ana ganinta, ana jera ta a ɗauki hoto, ana ƙirga ta a faɗa a rediyo, sannan, in za mu faɗi gaskiya, ana ba da kwangilar sayenta, kwangila kuwa kowa ya san abin da ke tafiya a ƙarƙashinta. Amma albashin malami da aka biya ranar da ta dace ba a yi masa bikin buɗewa, kuma babu babban mutumin da zai so a kafa allo da sunansa a ƙofar makewayi. Horar da malami aiki ne na shekaru, wanda amfaninsa ba zai fito ba sai mai mulki ya sauka wani ya hau, kamar mai dasa dabino da ya san jikokinsa ne za su ci. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa irin ta 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba. An yi ta gardama a kan adalcin jarrabawar da korar da ta biyo baya, kuma ba wannan ce maganata ba. Abin lura shi ne malamin da karatun aji huɗu ke ba shi wuya, in ka aje masa kwamfuta ba ka warkar da shi ba, ka dai ƙara masa abin da zai ji kunya a kai gaban ɗalibansa.

Magabata sun raba ilmi gida biyu, ilmin ala, watau na kayan aiki, irin su nahawu da sarfu da manɗiƙi, da ilmin da shi ne maƙasudi, irin su tafsiri da hadisi da fiƙihu. Ibnu Haldun, a cikin Muƙaddimarsa, ya yi kuka da malaman zamaninsa da suka faɗaɗa ilmin ala har ɗalibi ya ƙare rayuwarsa yana wasa wuƙa bai yanka komai ba. In nahawu, da darajarsa, ana jin tsoron ya shagaltar da ɗalibi daga manufa, ina ga akwatin da ke ɗauke da wasanni da hotunan duniya duka? A makarantar allo akwai hikimar da muka gada ba mu lura da ita ba. Yaro yana farawa da allo fari fat, da tawadar da aka dafa da gawayi da ƙaro, da alƙalamin gamba, ya rubuta ya wanke, ya rubuta ya wanke, shekara da shekaru. Allo mai zayyana, wanda aka ƙawata da launuka, ba ya riƙe shi sai ranar sauka. Nana Asma'u 'yar Shehu, da ta so ilmi ya kai ga matan ƙauye, mutane ta tanada, ta horar da mata jagorori da ake kira jajis, ta naɗa musu malfa, ta tura su su karantar da 'yan taru, kuma tsarin nan ya rayu bayan rasuwarta a 1864 da zamani mai tsawo.

Sai dai adalci ya wajabta mini in kawo hujjar abokan gardama da ƙarfinta, domin tana da ƙarfi. Matakan nan uku na Shaɗibi ba a dasa kayan duniya a cikinsu da ƙusa ba, abin da yake ƙawa jiya yakan zama bukata yau, bukatar yau kuma ta zama larurar gobe. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya a kan kwamfuta, saboda haka yaron ƙauye da bai taɓa aza yatsa a kan na'urar ba, ranar jarrabawa abokan gaba biyu yake fuskanta, tambayoyi da kuma akwatin da ke yi masa su, alhali ɗan mai hali tun yana rarrafe yake wasa da ita a gida. Wanda ya ce a hana makarantar talakawa kwamfuta har sai an gama gyara komai, ya yanke wa 'ya'yan talakawa hukuncin zama a baya har abada, domin gyara ba ya ƙarewa. Akwai ma ƙa'idar usulu da ke goyon bayansu, cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Na karɓi wannan, kuma a makarantar sakandare, musamman azuzuwan ƙarshe, ina ganin ɗakin kwamfuta ya riga ya hau matakin hajiyyat, rashinsa zalunci ne. Amma wannan ƙa'ida wuƙa ce mai baki biyu, domin kwamfutar ita ma ba ta cika sai da wutar lantarki, da mai gyara in ta lalace, da malamin da ya iya ta, da yaron da ya iya karanta abin da ke fitowa a fuskarta. Wanda ya kafa hujja da ita domin ya sayi akwatin, ta ɗaure shi ya sayi sauran, in kuwa ya ƙi, to mun gane ba wajibin ne ya dame shi ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a duk wannan ciniki ba a shawartar wanda ya fi kowa sanin inda ke yi wa makaranta ciwo. Shari'a ta yi umarni da shawara, kuma likita ba ya rubuta magani sai ya tambayi majinyaci, amma kayan makaranta daga babban birni ake yanke su, a loda a mota, a sauke wa hedimasta, a ce ya sa hannu ya karɓa, in wani abu ya ɓata kuma shi za a tuhuma. Don haka ne yake kulle ɗakin, kuma ban ga laifinsa ba, domin na'urar da ba a kunna ba ba ta lalacewa a hannunsa.

Da zan tafi na tambayi hedimastan nan, da a ce kuɗin ɗakin can a hannunsa aka sa, me zai yi da su. Bai yi dogon tunani ba, ya ce kwanon rufi na aji uku, da rijiya, da makewayi biyu na 'yan mata, in da saura kuma a ƙaro masa malamin lissafi, domin wanda yake da shi ya yi ritaya ba a aiko da madadinsa ba. Na ce, kwamfuta fa? Ya ce yana so ƙwarai, ko guda biyu ne, da faifan hasken rana da zai kunna su, a sa a ofis inda 'yan aji shida za su riƙa shiga bi da bi. Muna cikin haka hadari ya taso daga gabas, ya ce in yi masa aikin gafara, zai je ya kwashe 'yan aji biyu ya kai su baranda kafin ruwa ya sauko. Ya mayar da mabuɗin aljihu ya nufi ajin da sauri.