Wane Ne Jarumi, Mai Harbi Ko Mai Ɗauka?

'Yan'uwa, in aka ce jarumi, hankalinmu yakan tafi wurin mai harbi. Roden Cutler, hafsan igwa na Ostireliya, ya sami lambar Victoria Cross a yaƙin Suriya cikin 1941. Ya gyara wayar tarho ana ta ruwan harsashi, daga baya aka yanke masa ƙafa. Ya isa yabo.

Amma a yaƙin Bama, cikin 1944, Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta ratsa kurmin Kaladan. Jirgin sama kan jefo kaya, mutanenmu kuwa su ɗauka a kā, yawancinsu ba bindiga sai adda. Magabci yana harbinka, ba ka da abin ramawa, ba ka kuwa yar da kayan ba. A ganina wannan ya fi wuya, gama mai harbi yana da aikin da ke ɗauke masa hankali daga tsoro.

Yau a Kasuwar Sabon Gari mukan kira ɗan dako da "kai, zo nan," ko gaisuwa babu. Dawuda kuwa, cikin 1 Sama'ila sura 30, ya ba masu tsaron kaya rabo daidai da na mayaƙa, ko da yake waɗansu mutanensa sun ƙi da fari.