Kunne Kafin Baki

Karatun safiya: Amos 7:10-17, 8:4-7

Amaziya ba baƙo ba ne a ɗakin sujada. Firist ne, shi ke riƙe da masujadar Betel a zamanin sarki Yerobowam na biyu, kuma ranar da ya kori Annabi Amos, a ganinsa gidan Allah yake karewa. Ya fara aika wa sarki cewa ga wani can yana ƙulla masa makirci. Sannan ya juyo kan Amos ya ce ya tattara nasa ya nasa ya koma ƙasar Yahuda ya nemi abincinsa a can, don Betel wurin sarki ne. Amos ya amsa cewa shi bai gaji annabci ba. Makiyayi ne daga Tekowa, Ubangiji ne ya ɗauko shi daga bayan garke ya aiko shi.

Me Amos ya faɗa da ya yi zafi haka? Maganar mudu ya yi. Ya yi maganar 'yan kasuwar da ke ƙosawa ranar hutu ta wuce su buɗe rumfa, su rage ma'auni, su ƙara kuɗi, su cusa ƙaiƙayi cikin hatsi. Ya yi maganar masu sayen talaka a kan kuɗin takalmi, da masu karɓar toshiya a ƙofar gari inda ake yanke shari'a. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin masu awo ranar kasuwa, ya ga mudun da aka bubbuge gindinsa ya lotsa ciki, ko ya ga mai tiya biyu, ta saye daban ta sayarwa daban, zai gane cewa Amos ya daɗe cikin mutane kafin ya buɗe baki. Daga kan bagade ba a ganin gindin mudu.

Wannan ne ya sa safiyar yau nake tunanin Bishop Matthew Hassan Kukah. Har shekarar 2023, lokacin da Katsina ta sami dayosis ɗinta aka naɗa Bishop Gerald Mamman Musa ɗan Malumfashi, mabiya ɗarikar Katolika na jiharmu, har da na ƙasar Daura, suna ƙarƙashin kujerarsa ta Sakkwato, wadda ya hau a 2011. Mu da ba 'yan Katolika ba ma mun san muryarsa. Yawancin mutane da bakinsa suka san shi: saƙon Kirsimeti, saƙon Ista, jawabin da ke sa jaridu su cika washegari. Ni kuwa abin da ya fi tsaya mini a rai shekarun da ya yi yana zaune ne, yana saurare.

A ranar 14 ga Yuni 1999, kwana goma sha shida bayan soja sun miƙa mulki, Shugaba Olusegun Obasanjo ya rantsar da kwamitin binciken take haƙƙin ɗan Adam ƙarƙashin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa. Fada Kukah, ɗan Anchuna a ƙasar Zangon Kataf, wanda aka keɓe firist a 1976, yana cikin mambobinsa. Aka faɗaɗa aikin ya koma baya har zuwa 15 ga Janairu 1966, daren da aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa. A kan teburin nan akwai Madam Elizabeth Pam, wadda mijinta Laftanar Kanal James Pam yana cikin hafsoshin da aka kashe a wannan dare. Gwauruwa ce aka ce ta zauna ta ji kukan gwauraye.

Koke ya yi ta shigowa har ya haura dubu goma. Daga ƙarshen shekarar 2000 zuwa 2001 kwamitin ya zauna a bainar jama'a a Abuja, Legas, Fatakwal, Kano da Inugu, gidan talabijin na ƙasa yana nunawa da dare. Aka ji maganar Dele Giwa, ɗan jaridar da bam ɗin cikin wasiƙa ya kashe a 1986. Aka ji Ogoni, da ratayar Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a ranar 10 ga Nuwamba 1995. Aka ji kisan Kudirat Abiola a titin Legas a 1996. Mutanen da a da ko sunansu ba a iya kira da ƙarfi, irin su Manjo Hamza Al-Mustapha, suka tsaya ana yi musu tambaya. Obasanjo da kansa, yana kan mulki, ya zo ya amsa tambaya kan ƙona gidan Fela a 1977. Bayan manyan sunayen nan akwai dubban da ba wanda ya san su: wanda aka tsare shekaru babu tuhuma, wadda aka ɗauke mijinta da dare bai dawo ba, wanda aka kora daga aiki a rediyo.

Ka tsaya ka auna wannan, ɗan'uwana. Mutumin da aka horar ya yi wa'azi, ga shi wata da watanni aikinsa karanta takardun koke da zama a kujera daga safe har yamma yana jin abin da ke hana barci. Mai kuka ba ya tsara magana. Yakan fara daga tsakiya, ya koma baya, ya maimaita, ya sarƙe, ya yi shiru. Wanda bai da haƙuri zai ce masa ya taƙaita. Sau nawa mu ma, a ƙofar majami'a bayan an tashi, wata ta fara ba mu labarin abin da dangin mijinta suka yi mata, muka katse ta da "sai haƙuri, a bar wa Allah", alhali gajiya ce ta sa mu faɗa, ba bangaskiya ba? A Fitowa sura ta uku, kafin Ubangiji ya aiki Musa gun Fir'auna, abin da ya fara shaida masa shi ne ya ga wahalar mutanensa, ya kuma ji kukansu. Aiken ya biyo bayan jin.

Ƙarshen aikin kwamitin kuwa bai yi daɗi ba. Tsofaffin shugabannin soja uku, Janar Muhammadu Buhari ɗan masarautarmu, Janar Ibrahim Babangida da Janar Abdulsalami Abubakar, ba su amsa gayyata ba. An miƙa rahoto a watan Mayu 2002. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin da ya karya ikon kwamitin, gwamnati ta jingina da shi ta ƙi fitar da rahoton, sai ƙungiyoyin farar hula ne suka baza shi a 2005. Shawarwarinsa ba a aiwatar da su ba. Mai lissafin riba zai ce an yi aikin baban giwa. Ban yarda ba. Matar da ta yi shekaru ana ce mata ta rufe bakinta, ta tsaya gaban ƙasa ta kira sunan mijinta aka rubuta, ta karɓi wani abu da kotu ba za ta iya ƙwacewa ba. Ba ta sami duka haƙƙinta ba, kuma wannan bashi ne da har yau ke wuyan Najeriya. Amos ma ba mu karanta cewa Betel ta tuba a hannunsa ba, duk da haka Allah bai ce aikensa ya faɗi ba.

Akwai abin da ya biyo baya da nake so mu riƙe. A 2015, da ƙasa ta cika da tsoron abin da zaɓe zai haifar, Bishop Kukah ne ya haɗa Kwamitin Zaman Lafiya na Ƙasa, shugabansa kuwa Janar Abdulsalami, ɗaya daga cikin ukun nan da suka ƙi zuwa. Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar yana ciki. Suka sa Goodluck Jonathan da Buhari suka sa hannu kan alkawarin zaman lafiya ana saura kwana biyu zaɓe. Da Bishop ya mai da ƙin zuwan nan gaba ta har abada, da babu teburin da za su zauna tare. Neman haƙƙi ba ya buƙatar ka ƙi mutum. In ƙiyayya ta shiga, abin ya tashi daga neman haƙƙi ya koma ramuwa, ramuwa kuwa Ubangiji bai bar mana ita ba.

Ba na cewa duk abin da ya fito daga bakinsa daidai ne. Bishop ba annabi ba ne. Saƙonsa na Kirsimetin 2020, mako biyu bayan sace ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300, ya zargi gwamnatin Buhari da son kai wajen naɗe-naɗe, kuma ya ɓata wa Musulmi da yawa rai, ciki har da maƙwabtanmu na kirki waɗanda muke cin tuwo ɗaya da su. Wata ƙungiya a Sakkwato ta ce ya nemi gafara ko ya bar garin. Fadar shugaban ƙasa, wadda ita ya soka, ta fito ta ce tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama inda ya so. Wannan amsa ta cancanci yabo. Ɓacin ran maƙwabtanmu kuma ya cancanci a saurare shi da irin kunnen da muke so a saurari namu.

Kada dai mu yi saurin neman Amaziya a wani gida. A namu yake. A watan Afrilu 1963, lokacin da aka kulle Rabaran Martin Luther King a kurkukun Birmingham a Amurka saboda zanga-zangar neman 'yancin baƙaƙen fata, waɗanda ya zauna ya rubuta wa doguwar amsa malaman addini ne guda takwas, bakwai daga cikinsu shugabannin coci, da suka ce lokaci bai yi ba, a jira. Shekara biyar bayan haka aka harbe shi a Memphis, inda ya je goyon bayan masu kwashe shara da ke yajin aiki.

A nan Baure mu 'yan kaɗan ne, kuma ɗan kaɗan yana da dalilin tsoro. Idan fasto ya taɓo maganar zalunci, dattawan ikilisiya sukan ja shi gefe: "Baba Fasto, ka tsaya kan bishara, zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki." Gaskiya ne, kuma ba wanda ya kai mu sanin darajarsa. Sai dai shirun da ake saye da haƙƙin gwauruwa ba zaman lafiya ba ne ga gwauruwar. Akwai kuma wata cuta da ta fi wannan ɓoyuwa: bakinmu ba ya buɗewa sai abin ya taɓa namu, filin gina majami'a, ko ɗanmu da aka hana gurbin aiki. Waɗannan koke ne na gaskiya, a kai su inda ya dace. To manomin da ya ci bashin buhun gero da bazara, kaka ta yi aka ƙwace masa biyu fa? Yaron da aka kama a kan hanyar iyaka da ɗan kayan da bai kai ya kawo ba, iyayensa ba su san ƙofar da za su buga ba fa? Mun ga yadda rufe iyaka a 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar a 2023, ya matse ƙananan 'yan kasuwa a garuruwan bakin iyaka irin namu, kuma matsin bai tambayi kowa inda yake sallah ko sujada ba.

Ba kowane bawan Allah za a kira Abuja ba. Aikin da ke gabanmu ƙarami ne, kuma a kusa yake. Ka shimfiɗa tabarma, ka bar mai kuka ya kai aya. Idan ba ta iya rubutu ba, ka rubuta mata takardar, ka karanta mata ta ji ko abin da ta faɗa ne. Ka raka ta gun mai unguwa, in ta kama har gaban dagaci ko hakimi, ka gaishe su da ladabin da ya dace, ka faɗi abin da ka sani ba ƙari. Ka zauna a benci tare da uban yaron nan har a ba da beli. Kafin duk wannan kuma, ka ɗaga mudun gidanka ka duba gindinsa, ka tuna ko 'yan ƙwadagon da suka yi maka noma jiya sun kwana da kuɗinsu a hannu.

Mu yi addu'a.

Ya Ubangiji, kai da ka ji kukan bayi a Masar, ka buɗe kunnena yau. Idan wani ya tare ni da damuwarsa, ka hana ni gaggawa. Ka ba fastocinmu da dattawanmu ƙarfin hali da tausasan harshe. Ka ba Mai Martaba Sarkin Daura, da hakimai, da alƙalai, da jami'an tsaron da ke kan iyakarmu zuciyar yin gaskiya. Ka tuna da waɗanda suka kai koke shekaru da yawa har yau ba a amsa musu ba, da waɗanda ke hannun masu garkuwa a dazukan jiharmu, Musulmi da Kirista. Inda ni ne na danne wa wani haƙƙi, ka nuna mini kafin rana ta faɗi, ka ba ni ikon mayarwa. A cikin sunan Yesu Almasihu, amin.