Shirun Shekara Goma

Mutum ya share gona, ya kai mata taki, ya nome ta damina goma a idon kowa. Ran nan wani ya taso ya ce ai ta ubansa ce. Wa alƙali zai ba?

Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na Arewa ke hukunci da shi, yana da amsa mai suna hauzi. Risala ta Ibn Abi Zaid ta kawo shi, haka ma Tuhfa ta Ibn Asim. Idan bare ya riƙe fili shekara 10 yana sarrafa shi kamar nasa, mai da'awa kuwa yana gari, yana gani, ba abin da ya hana shi magana, to ba za a saurari shaidunsa ba. Tsakanin dangi ana kai wa'adin shekara 40, domin malamai sun san ɗan'uwa kan kawar da kai saboda zumunci. Aro da jingina da haya ba sa zama hauzi komai daɗewarsu. Haka nan ba a kama wanda ya yi shiru yana yaro, ko don tsoron mai iko.

To, shiru yana iya ɗauke haƙƙi daga hannun wani ya ba wani?

Malamai da yawa sun ce a'a, kuma maganarsu ta fi kama hankali. Daɗewar riƙo alama ce kawai, tunda mai abu ba ya zuba ido a cinye masa. Shi ya sa ake sa mai riƙon ya rantse. Hadisin Ummu Salama da ke Bukhari da Muslim ya gargaɗi wanda ya ci shari'a da iya baki alhali ya san abin ba nasa ba ne: wuta ya ɗebo wa kansa. Hukunci yana rufe ƙara, amma ba ya halatta haram.

Dokar ƙasa ma ba ta yi nisa da wannan ba. A 1976, a shari'ar Idundun da Okumagba, Kotun Ƙoli ta lissafa hanyoyi biyar na tabbatar da mallakar fili, daɗewar riƙo na cikinsu. A 1990 kuma, a shari'ar Ogunleye da Oni, ta nuna cewa takardar mallaka ta hukuma ba ta tsirar da wanda tun asali ba shi da haƙƙi.

Inda abin ke da ciwo shi ne wurin mata. Mace a aurar da ita wani gari, ta bar wa yayyenta rabonta na gado, kunya ta hana ta tambaya har su mutu. 'Ya'yanta su kai ƙara, 'ya'yan yayyen su ce hauzi. Idan alƙalin farko bai tsaya ya tambayi dalilin shirunta ba, gyara yana wuya daga baya, domin kotun ɗaukaka ƙara ba ta sake kiran shaidu sai da dalili mai ƙarfi. Abin da magatakarda ya rubuta shi take karantawa, shi kuwa abin da aka faɗa a gaban alƙali kaɗai yake rubutawa.