Amanar da Ido Ba Ya Gani

A ranar 11 ga Maris, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar korona a matsayin annobar da ta game duniya, sai aka garƙame otal-otal da ofisoshi da manyan kantuna. Da aka zo buɗewa, mun ga na'urar auna zafin jiki a bakin ƙofa, da man tsaftace hannu, da layukan tazara a ƙasa. Tambayar da ta dame ni ita ce: shin mai gini ya sauke nauyin da ke wuyansa idan ya kawata ƙofarsa da waɗannan, alhali bai waiwayi abin da ke ɓoye cikin bango ba?

Ginin da aka rufe tsawon makonni ba ya zama yadda aka bar shi. Ruwan da ya kwanta a bututu yakan rasa sinadarin kulorin da ke kashe ƙwayoyin cuta, wannan kuwa yana bai wa ƙwayar Legionella damar yaɗuwa, musamman idan ɗumin ruwan ya kama tsakanin digiri 25 zuwa 45. Mutum kan kamu da ita ne ta hanyar shaƙar feshin ruwa daga shawa ko hasumiyar sanyaya gini, daga nan ta haddasa masa ciwon huhu mai tsanani. A 1976 ta kwantar da mutum 182 a lokacin taron tsofaffin sojoji a wani otal na birnin Filadelfiya a Amurka, 29 daga cikinsu suka rasu. Mu da tankokinmu ke zaune a kan rufi suna shan rana, bai kamata mu ɗauki wannan a matsayin labarin nesa ba.

A ganina, nan ne ma'aunin amana yake. Baƙon da ya shiga otal zai iya ganin ko an share daɓe, amma ba shi da ikon leƙa tanki. Ya miƙa lafiyarsa ne ga wanda bai sani ba. Duk inda ɗaya ya san abin da ɗayan ba zai iya sani ba, haƙƙi yana kan masanin. Gyara abin da jama'a ke gani kaɗai neman ciniki ne. Gyara abin da babu mai tambaya shi ne riƙon amana.

Wani zai ce mai ginin ma abin tausayi ne: ya yi watanni babu kuɗin shiga, ga bashi, ga ma'aikata suna jiran albashi, kowace ranar jinkiri kuwa wani gida ne zai kwana da yunwa. Wannan hujja tana da nauyi. Sai dai aikin da ake bukata bai fi ƙarfinsa ba: a zubar da tsohon ruwa, a wanke tanki, a buɗe kowane famfo har sabon ruwa ya zagaya, a dafa ruwan zafi ya kai digiri 60, a sauya matatun na'urar sanyaya ɗaki, a bar iska ta ratsa. Aikin 'yan kwanaki ne. Kuma ma'aikatan da ake kafa hujja da yunwarsu, wato masu shara da masu gadi, su ne za su fara buɗe famfon, su fara shaƙar abin da ke ciki.

Hukuma na iya kafa doka ta tura jami'an duba-gari, kuma ya kamata ta yi. Amma jami'i ba zai bi kowane bututu ba, takardar shaida kuwa ba ta kashe ƙwayar cuta. Saboda haka nake ganin duk mai gini, kafin ya zare kwaɗo, ya tambayi kansa ko zai yarda ɗansa ya zama na farkon yin wanka a ɗakin. Idan zuciyarsa ta yi ɗar, to ginin bai isa buɗewa ba tukuna.